Turakun Baba a Jikin Kuka

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ba ni ƙarfin jinyar nan, ya kuma bar ni da rai har nake ba da labarinta. Duk ranar da na ga samari sun wuce ta ƙofar gidanmu da gatari a kafaɗa, igiya a wuya, sai in ji ba zan iya yin shiru ba. Sunana Asabe. A Kademi aka haife ni, aka kawo ni aure wani ƙauye kusa da Ajingi, gidan mutumin da ƙasar Gaya ta sani da Auta mai gatari. Ni Malam nake ce masa, kuma haka zan kira shi a nan.

Da damina noma yake yi kamar kowa, gero da dawa da gyaɗa. Da an kai amfani gida sai ya koma sana'ar da ya gada wurin mahaifinsa, gyaran itatuwa. In kana neman ɓacin ransa, ka kira shi mai sare bishiya. Yakan ce shi bai taɓa kashe bishiya ba, rage mata kaya yake yi. Reshen tsamiya ya sunkuyo kan ɗaki, kauci ya kama ɗorawa, mangwaro ya yi duhu ya daina 'ya'ya, duk shi ake aika wa. Kafin ya taɓa reshe sai ya ƙwanƙwasa shi da bayan gatari ya saurara, don mai rami a ciki amonsa daban ne. Yakan fara sara ta ƙasan reshen kaɗan, sannan ya koma ta sama, don kada in zai faɗo ya yage ɓawon uwar. Babban reshe kuwa sai ya ɗaure shi da igiya an sauke a hankali, bayan ya kori kowa daga ƙarƙashi, har kaji.

Kayan aikinsa kuwa kai ka ce jarirai ne. Ranar Alhamis da la'asar zai zauna gindin rumbu da dutsen washi da ruwa a sakaina, ba ya tashi sai gatarin ya aske gashin hannunsa. In ƙota ta tsage ba ya naɗe ta da waya, ba ya kuma jiƙa ta a ruwa don ta kumbura ta riƙe na kwana biyu kamar yadda wasu ke yi, sabuwa yake sassaƙawa. Zarto ya shafe shi da man gyaɗa saboda tsatsa. Igiyar rama ya bi ta kamu-kamu yana murɗawa yana leƙa cikinta, sannan ya rataye ta a inuwa, inda gara da ɓera ba sa kaiwa. Nakan tsokane shi in ce da ni ma igiya ce da na fi haka samun kulawa. Sai ya ce ai ni ba na ruɓewa ta ciki, komai nawa a baki yake.

Shekarar da aka kawo ni, Inna, mahaifiyarsa, tana da wata ɗorawa a gona da ta gada wurin ubanta. Da kalwarta take yin daddawar da take sayarwa. Malam ya ƙwanƙwasa babban reshenta na gabas, wanda ya fi kowanne 'ya'ya, ya ce ya ruɓe ta ciki, ruɓar kuma tana gangarowa. Inna ta ce a kan gawarta.

Ya ce, “Inna, ko reshen ko uwar. In na bar shi baɗi ba ki da ɗorawa.”

Ya sare shi tana tsaye tana kuka. Ta yi kusan wata ba ta amsa gaisuwarsa sai da ka. Ɗorawar nan har yau tana nan, jikokin jikokinta ke shan garinta.

To, ga mutum mai wannan kaffa-kaffa, ta ina tsautsayi ya shigo? Ta kukar gidanmu. Wanda bai sani ba, kuka ba ta hawuwa da hannu, jikinta sulɓi ne, ga kauri. Sai a sassaƙa ƙananan turaku na icce mai tauri, a buga su a jikinta ɗaya bisa ɗaya, a taka a hau. Naman kuka kuwa taushi ne da shi da danshi. Turke zai ruɓe a can ciki, waje yana nan kamar jiya aka buga shi. Malam ya fi kowa sanin haka. In an kira shi kukar wani ba ya taka turken da ba shi ya buga ba a wannan shekarar. Amma kukar da ke gefen rumbunmu, turakunta na iccen kirya mahaifinsa ne ya buga su kafin ya rasu, kuma Malam ya ƙi cire ko ɗaya. Yakan ce, “Hannun Baba ne. In ina hawa sai in ji kamar shi ke tura ni sama.” Kuma da yake ta gida ce, ko igiya ba ya ɗaurawa a ƙugu in zai hau ta.

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama abin ya faru, ana tsakiyar zafin bazara. Wani reshen kukar ya miƙo kan rumbu, Malam ya ce bari ya rage shi kafin iskar farkon damina. Ina daka da hantsi na ji tim, kamar an jefo buhun gyaɗa daga kan mota. Na yar da taɓarya na fita ko mayafi babu. Yana kwance a gindin kukar, ƙashin ƙwaurinsa na dama ya karye ya huda fata ya leƙo, ƙasa duk ta shiga ciwon. Ya dube ni, gumi na zuba, abin da ya fara cewa shi ne, “Asabe, ɗauke gatarin nan kada yara su taka.”

Wansa, Yaya Sale, shi ne babba a gidan, shi ya yanke shawara a ɗauko maɗorin Kademi. Babu wanda ya musa, don mutumin nan ya ɗora karaya ba adadi, har da hannun ƙanena. Aka kawo shi a keke. Maza huɗu suka danne Malam, aka ja ƙafar aka mai da ƙashin, aka shafa man shanu da magani, aka jera kara aka ɗaure tam da tsumma. Ina ɗaki na toshe kunnuwana. Ban taɓa jin Malam ya yi ihu ba sai ranar.

Makon farko gidan ya zama kasuwa. Kowa ya zo dubiya da likitancinsa. Wannan ta ce a hana shi nono, waccan ta ce a ɗura masa nono. Wani ya kawo rubutu, wani turare. Mafi yawa suka ce ai mutanen kuka ne suka turo shi, don ya taɓa musu gida da ƙarfe. Ni kuwa na je gindin kukar na tsinci guntun turken da ya karye. Na murza shi a tafin hannu ya marmashe kamar tsohon ƙuli-ƙuli. Na kai wa Malam na nuna masa. Ya daɗe yana kallonsa, ya ce, “Babu ruwan aljani.” 

A mako na biyu zazzaɓi ya rufe shi. Ina ba shi kunu a ludayi yana kawar da kai. Ɗakin ya fara wani wari da turare ba ya kashewa, ƙudaje suka dame mu, na wuni ina fifita. Na taɓa yatsun ƙafar na ji su da sanyi, sun yi duhu, na matsa bai ji ba. Maɗorin ya dawo ya kwance ɗaurin ya duba. Allah ya jiƙansa, bai ɓoye mana ba. Ya ce wa Yaya Sale, “Ƙashi nawa ne, amma wannan ba ciwon ƙashi ba ne yanzu. Ku kai shi asibiti.” Na gode masa da wannan gaskiyar. Amma har gobe ina cewa, da ya faɗe ta tun ranar da ya ga ƙashi a waje da ƙasa a cikin ciwo, da labarin ya sha bamban.

Duk da haka ba a tafi ba. Wani ya kawo garin sassaƙe daga Ajingi ya ce a barbaɗa a ga abin mamaki, Yaya Sale ya ce a gwada tukuna. Aka ɓata wasu kwanaki. Sai da na tsaya a ƙofar zaure, ni da ban taɓa ɗaga murya gaban wan miji ba, na ce, “Yaya, in ba za a kai shi ba, zan goya shi in kai shi.” Ya dube ni kamar bai san ni ba. Washegari aka ɗora Malam a amalanke zuwa ɗakin shan magani na Gaya. Malamin asibitin ya buɗe, ya rufe, ya yi masa allura, ya ce mu nemi motar Kano a ranar.

Akuyoyina biyu da irin gyaɗar da muka ajiye don shuka, su suka kai mu birni. Aka shimfiɗa Malam a bayan babbar mota kan buhunan dawa, kansa a cinyata. Kowane rami muka faɗa sai ya damƙe hannuna. Wajen Wudil ya buɗe ido ya ce in duba masa ko direban ya tuna hannun da ake bi yanzu. A wannan halin ma tsokana yake yi don kada in yi kuka.

Asibitin birni kuwa, in na ce ban sha wuya ba na yi ƙarya. Layin karɓar kati ya kai bakin ƙofa. Mai ba da katin ya daka min tsawa don ban san shekarun Malam ba. Muka wuni a baranda, Malam a tabarma, mutane na toshe hanci suna matsawa. Amma a nan kuma na gamu da wata nas, ba Bahaushiya ba ce, Hausarta a karye take. Ita ta tsaya ta dubi ƙafar, ta je ta jawo gado mai taya da kanta. Ita ta nuna min inda zan ɗebi ruwa da inda masu jinya ke hura wuta. Ban san sunanta ba, amma ba na sallame salla ban sa ta a addu'a ba.

Da likita ya duba, ya yi magana da Turanci, wani malamin asibiti ya mayar mana. Maganar ta zauna min a kai har yau. Ya ce, “Ƙafar nan ta mutu, kuma mutuwar hawa take yi. Yau ƙasan gwiwa za mu yanke. In kun jira, saman gwiwa. In kun ƙara jira, ba mu da wurin yankewa.”

Yaya Sale ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Ya ce mutumin da abincinsa ke saman bishiya ba a yanke masa ƙafa. Ya ce a gidansu ba a taɓa binne mutum guntu-guntu ba, in kwana ya ƙare gara ya koma ga Ubangijinsa yadda ya zo. Ban ƙi shi don wannan maganar ba, ƙaninsa yake so, idonsa ma ya kawo ruwa. Abin da ya karya min zuciya shi ne Malam ya goyi bayansa.

Da muka kaɗaita na ce, “Malam, ka yarda.”

Ya ce, “In zama me, Asabe? In riƙa jan gindi a tsakar gida kina ciyar da ni?”

Na ce, “Ni ba hawan bishiya na aura ba. 'Yarmu Hanne da ƙannenta ma ba ƙafa suke kira Baba ba.”

Ya juya fuska bango. Na zauna ina kallon ƙeyarsa, tsoro ya cika ni, haushinsa kuma kamar in rufe shi da duka. Yaya Sale ya tafi gida don ya shaida wa Inna, ya kuma nemo motar da za ta mai da Malam ya ƙarasa a ɗakinsa. Kwana biyun nan da ya yi su ne mafi tsawo a rayuwata. Malam ya fara sambatu, yana kiran a riƙe igiya, a kori yara daga ƙarƙashi. Ina goge masa goshi da tsumma mai sanyi, ina ganin duhun nan yana matsowa gwiwa.

Ranar da Yaya Sale ya dawo, ba shi kaɗai ya shigo ba. Inna ce a bayansa, tana dogara sanda. Tsohuwar da ko Gaya ba ta zuwa sai da dalili, ba ta taɓa shiga mota ba, ashe ta ce ba mai ɗauko mata ɗa sai ta gani da idonta. Ba ta amsa gaisuwar kowa ba. Ta je bakin gadon ta ɗaga mayafin da ke kan ƙafar. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta sa yatsa ta danna ƙwaurin, ta danna gwiwa, ta danna cinya, tana duban fuskarsa ta ga inda zai motsa. Sai a cinya ya motsa.

Ta ce, “Auta.”

Ya buɗe ido ya ce, “Na'am, Inna.”

“Ka tuna ɗorawata?”

Ya gyaɗa kai.

“Ina kuka ka sare min reshe. Na roƙe ka, ba ka ji ba. Ka ce min ko reshen ko uwar. Na yi fushi da kai, amma bana ma na yi daddawa da ita.” Ta mai da mayafin ta rufe ƙafar, ta dafa ƙirjinsa. “To yau ni ke gaya maka. Wannan nake so a bar min.”

Hawaye suka gangaro masa har cikin kunne. Yaya Sale ya buɗe baki, Inna ta ɗaga masa hannu ba ta ko waiwaya ba. Can Malam ya ce, a hankali, “A kira likitan.” Da malamin asibiti ya zo, Malam ya riƙe hannun rigarsa ya ce, “Ka gaya masa kada ya ji tausayina. Ya yanke a inda yake da rai.”

Saman gwiwa aka yanke. Jiran da muka yi shi ya cinye gwiwar, kuma wanda ya taɓa ganin mai ƙafa ɗaya yana tashi daga tabarma ya san abin da gwiwa take. Amma cikin 'yan kwanaki zazzaɓin ya sauka. Ranar da ya ce yana marmarin tuwon dawa da miyar kuka, na fita bayan ɗakin na yi kuka mai isata, sannan na hura wuta.

Makonnin da suka biyo baya na wankin ciwo ne da allura da koyon sanda. Wani lokaci sai ya ce, “Asabe, sosa min babban yatsa.” In ce wanne? Ya ce na dama. Sai in sosa katifa a daidai inda yatsan zai kasance, ya lumshe ido ya ce yauwa, nan ne. Mu yi dariya, wani lokaci dariyar ta ƙare da shiru. Tasoshin aurena sun tafi a wannan zaman, ban kuma yi kewarsu ba. Da muka koma gida damina ta yi nisa, muka tarar Yaya Sale ya kira gayya an nome mana gona, ya kuma ba da nasa irin gyaɗar an shuka. Bai taɓa ta da maganar ba.

Malam bai ja gindi a tsakar gida ba. Ya kafa rumfa a ƙofar gida, masu hawa suka riƙa kawo masa gatari da zarto da igiya. Da injin zarto ya shigo ƙasarmu daga baya, ya sa aka kwance masa ɗaya a gabansa har ya gane kansa, ya koyi gyara haƙoran sarƙarsa da magagari. Abin da yake gaya wa masu zuwa shi nake maimaita muku. Kada ka taɓa sarƙa inji yana a kunne, kada ka ja ta a bushe ba mai. Dasasshen ƙarfe ya fi mai kaifi sare mai shi, don sai ka sa ƙarfi ya goce. Kada ka hau da igiyar da ba ka leƙa cikinta ba. Turken bara ba na bana ba ne, ko wa ya buga shi. Bishiyar gidanku ba ta san kai ɗan gida ba ne, ka ɗaura igiya. Nawa ƙarin kuma na mai jinya ne: in ƙashi ya huda fata, ko yatsu suka yi sanyi suka yi duhu, a bar gwaje-gwaje a nemi mota.

Bayan kaka ya kira Tanko, abokin aikinsa, ya ce ya ɗaura igiya ya cire turakun kukar nan duka. Malam na zaune a kujera, Tanko na jefo su ɗaya-ɗaya. Kowanne ya ɗauka ya murza sai ya zube gari. Na ga fuskarsa, sai na koma ciki don in bar shi da ubansa. Can ya kira ni. Guda ɗaya ne a hannunsa, na can ƙasa, wanda rana ke bugu. Ya ƙwanƙwasa shi da bayan wuƙa, ya yi amo garau.

Kwana biyu yana fere shi yana gogewa da man gyaɗa. Sannan ya cire mariƙin sandar da aka ba shi a asibiti, wadda yake sawa a hammata, ya sa turken a wurin. Ya miƙe, ya damƙe shi, ya taka har bakin rumbu ya dawo.

Ya ce, “Kin gani, Asabe? Ni na sa shi inda bai dace ba. Shekara da shekaru ina taka hannun Baba da ƙafa. Ashe riƙewa ake yi.”

Ya riƙe shi har ya aurar da Hanne, ya binne Inna, ya ga jikoki. Da furfurarsa ya rasu, a ɗakinsa, bayan sallar azahar. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Inna da Yaya Sale, ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba masu jinya haƙuri. Sandar tana jingine a bayan ƙofata. Mariƙin ya yi sulɓi, ya lotsa a daidai inda yatsunsa ke zama. Yanzu da gwiwoyina suka fara ƙi, da ita nake tashi in yi alwala, kuma hannuna yana shiga wurin daidai.